Bokitai Arba'in da Uku na Vernon Dostal

Ƙarfe biyar na asuba, ko da zafi ko da sanyin nan namu mai daskarar da hanci, a-kori-kurar Vernon Dostal ce ke fara tsayawa a bayan makarantar garinmu na Verdell. Zai buɗe ƙofa, ya sauka ɗakin ƙasa ya lallashi tsohuwar tukunyar da ke ɗumama azuzuwa, wadda ta girme shi da shekara uku, sannan ya bi baranda da tsumma har sai mutum ya ga fuskarsa a daɓe. Kafin motocin yara su iso ya kwashe ƙanƙarar bakin ƙofa, ya zauna da kofinsa kamar wanda bai taɓa komai ba. Shekara talatin da huɗu ke nan yana wannan. Ranar Juma'a zai ajiye makullai ya yi ritaya, ni kuwa da na yi shekara ashirin ina zuba masa kofi a shagona, ina da magana a kansa, kuma har da laifina a ciki.

Kowa a nan yana da labarin Vern. Akwai aljihun teburinsa da ke cike da safar hannu, ya ce wai tsintuwa ce, alhali duk sababbi ne kuma duk daidai hannun yaran da suka zo babu. Akwai tabarau da ya ɗaure da waya ba adadi. Malama Tillotson ta aji uku ta ce ba ta taɓa kai masa ƙorafi sau biyu a kan abu ɗaya ba. In ka gode masa sai ya kalli takalminsa ya ce, "Ai aikin ke nan."

To ga inda laifinmu yake. Sau biyu hukumar makaranta ta kawo mana ƙuri'ar ƙarin harajin gonaki da gidaje don a yi sabon rufi, sau biyu muka ce a'a. Ni ma a'a na dangwala, ba zan ɓoye ba. A zauren wasannin makarantar muke jefa ƙuri'a. Ka shigo ka ga daɓe yana walƙiya, silin fari fat, ko ɗigo babu, sai a ce maka rufi ya mutu? Da hukumar ta ce in aka ƙi a karo na uku za a rufe makarantar a riƙa kwasar yaranmu zuwa wani gari mai nisan mil talatin da takwas, har da 'yan shekara biyar, sai muka ce barazana ce kawai.

Bara da kaka aka zo zaɓen kujeru uku na hukumar, tare da ƙuri'ar rufin karo na uku. An sa taron 'yan takara ranar Asabar da rana. Kwana uku ana tsuga ruwa, girbin masara ya tsaya, don haka manoma suka cika zauren, ba don ƙaunar siyasa ba, sai don babu abin yi kuma akwai miyar wake da naɗaɗɗen burodi mai kirfa. Darlene Kuhlman, ma'aikaciyar jinya, ta ce abin da ya dame ta shi ne karatun 'yan aji uku yana ja da baya shekara biyu a jere, kuma babu wanda ya san dalili. Wani ya yi ta zuba a kan filin ƙwallo. Sai Merle Haverkamp ya miƙe, manomin da ya shiga takara da alkawari guda, cewa ba za a ƙara ko sisi ba.

"Ku ɗaga kanku," in ji Merle. "Kwana uku ana ruwa. Wa ya jiƙe a cikinku?" Aka kwashe da dariya. Ya hango Vern a baya yana jera kujeru. "Yawwa, ga wanda ya sani. Vern, aji ɗaya muka yi da kai, ban taɓa jin ka yi ƙarya ba sai a kan girman kifi. Faɗa musu, makarantar nan tana zuba?"

Daga baya Vern ya gaya mini abin da ya ji a lokacin. Abin da yake taƙama da shi a duniya guda ne: a zamaninsa ɗigon ruwa bai taɓa sauka a kan littafin yaro ba. Ko shugabar makaranta ta tambaye shi rufi, amsarsa ita ce, "Ina iyawa da shi." Sai a ranar, yana riƙe da kujera, ya gane cewa hujjar Merle ba komai ba ce illa aikin hannunsa. Shi ne ya kayar da ƙuri'ar nan har sau biyu, kuma yana gab da rufe makarantar da ya ba rayuwarsa. Ya ce kunya ta kama shi har wuyansa ya yi zafi.

Ya ajiye kujerar. "Merle, gwiwarka tana hawa tsani?"

"Ta fi taka, tsoho."

"To biyo ni. Duk mai neman kujera ya biyo ni."

Ni ba kujera nake nema ba, amma tsegumi bai bar ni a ƙasa ba. Muka hau ta wata ƙofa a bayan ɗakin ajiya, muka shiga tsakanin silin da rufi. Kafin ya kunna tocila mun ji ƙarar, ɗis, ɗis, ɗis ta ko'ina. Da haske ya zo sai ga bokitai jere a kan katakai: na fenti, na abincin shanu, har da bahon wankan jariri. Arba'in da uku. Kowanne an rubuta masa sunan malamin da ajinsa yake ƙasa. Duk ranar ruwa, ko ranar da ƙanƙara take narkewa, mutumin nan mai shekara sittin da shida yana hawa sau biyu ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya. Allon silin da ya yi tabo kuwa ya cire ya shafa masa fenti kafin kowa ya zo.

Darlene ta tsaya a inda bokitai suka fi yawa. "Nan saman aji uku ne?"

"Nan ne. In ya fi ƙarfina sai in ce wa Malama Tillotson fenti zan yi, ta kwashe yaran zuwa ɗakin cin abinci." Ya haska bokitan da tocila. "Bara sau goma sha tara. Duk da safe, lokacin karatu, ga ƙarar tukwane. Ƙarya na yi mata."

Ya matsa gaba, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya dafa ta a jikin wani katako mai ɗauke da rufin. Ta shige har ƙota kamar an soka ta a burodi.

Merle ya daɗe yana kallo. "Wa yake zama a ƙarƙashin nan?"

"Aji ɗaya, layin taga. Jikarka Junie ce ta biyu."

"Kai Vern, Allah ya shirye ka. Me ya hana ka faɗa?"

"Aikina ne kada a gani."

"To ka iya aikin, har ya yi yawa," in ji Merle. Ya sunkuya ya ɗauki bokitin wurin, cike taf, ya sauko da shi da kansa yana fantsama a wandonsa, ya dire shi a kan teburin 'yan takara. Ya ce wa jama'a, "Har gobe ina cewa haraji ya yi mana yawa. Amma ku hau ku gani, sannan ku zo mu yi gardama." Ranar har matan coci masu sanda sai da aka riƙe musu tsani.

Ba a tafa wa Vern nan take ba, kuma bai kamata ba. Iyaye sun yi fushi. Ranar Litinin aka mayar da aji ɗaya zauren coci, shi kuma ya je ya ba Malama Tillotson haƙuri a gaban ajinta, ya wuce ofis ya ajiye makullansa. Shugabar makaranta ta tura masa abinsa ta ce, "Ɗauki. Wa zai nuna wa masu gyara inda yake zuba?" Ƙuri'ar rufi ta ci da ratar sittin da ɗaya. Darlene ta samu kujera, Merle ma ya samu, kuma har yau yana yi mata gardama a kan kowace dala. Bana aji uku ba su rasa safiya ko ɗaya ba, Malama ta ce a karatunsu ma ana ji.

Vern, kai ne ka ɗauki rufin nan a kafaɗarka lokacin da muka ƙi ɗauka. Mun gode da bokitan, amma mun fi gode maka da ranar da ka tona su, don na san abin da ta ci maka. Mai hannu a kan komai, marar baki a kan komai, ranar da ka buɗe bakin ka cece mu. Ku kuma masu neman kujera da mu masu jefa ƙuri'a, kafin a hau mumbari a je a tambayi mai shara, da mai dafa abinci, da direban motar yara, kuma kada a yarda da "ina iyawa". Masu irin aikinsa, ku yi koyi da ƙwazonsa, ku kuma faɗa da wuri.

Ruwan farko bayan an gama sabon rufi, ƙarfe biyar ta yi masa a kan tsani, don ƙafa ta saba. Ya shiga ya kunna tocila, ya tsaya yana saurare. Babu ɗis ko ɗaya. Da ya zo shan kofi ya ce mini, "Na rasa abin da zan yi da hannuwana." Ban ba shi amsa ba a ranar, sai na ƙara masa kofi.

Ga amsar yanzu, Vern. Sauko daga tsanin nan ka huta. Mun gani.