Dutsen Da Gwaggo Ta Raina

Ni fa ba da son raina na shiga maganar zoben nan ba. Ina zamana lafiya a mahal ɗin dabino, wato shagon da nake shugul, nake aikina, a unguwar Ƙuba ta Madina, ina lallaɓa baƙi su sayi ajwa, sai ga yayana ya diro daga Yanbu, garin can na bakin teku, da hutun kwana huɗu, fuska kamar wanda za a cire wa haƙori. Wai in nemi izini in raka shi suƙ, kasuwar gwal. Na ce ni me na sani a harkar aure, ni da ko makaranta sai da malamai suka roƙe ni in bar musu abarsu? Ya ce ai shi ya sa, wai ni na san halin 'yan kasuwa tunda ni ma macuci ne. Ka ji yadda ake roƙo a gidanmu.

An ba shi mata ne, 'yar wani gida a unguwar Al-Sih, iyayenta Hausawan Sudan, ita kuma haihuwar nan. Ranar Alhamis za a kai shabka, gwal ɗin da ango ke aikawa kafin ɗaurin aure. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro duk an saya, saura zobe. Yarinyar ta aiko ta bakin ƙanwarta cewa zoben mai almas take so, abin da mutanenmu na can gida ke kira daimon. Ba ta ce babba ba, ba ta ce ƙarami ba, mai haske kawai ta ce. Wannan magana ta hana yayana cin abinci. Mutum ne da ke ɗaure bututu a matatar mai cikin ranar da ke narka takalmi, bai taɓa kuka ba, amma tsoron falon mata ya kusa kashe shi. Ya san yadda ake yi: a buɗe akwati, zobe ya bi hannu hannu, kowace ta juya shi, in tsohuwa ɗaya ta ce "uhm" ta miƙa wa ta kusa da ita, shi ke nan, sunansa marowaci har jikokinsa.

Ba mu kaɗai muka je ba. Gwaggo, yayar babanmu, ita ce za ta ɗauki shabka ta kai da hannunta, saboda haka ita ce alƙali. Umma ba ta da ta cewa, don Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta sa baki a zobensa.

Bayan la'asar muka shiga wani ƙaramin mahal. Mai shi dattijo ne, farin gemu, farar tob har idon sawu, yana jan carbi. Fitilu kuwa sun fi na ɗakin tiyata yawa. Ya fito da faranti mai baƙin ƙyalle, zobba a jere suna ta walƙiya. Gwaggo ta gwada su yadda ta saba gwada gwal tun kafin a haife ni: ta ɗora a tafin hannu, ta ɗan jijjiga, ta ji nauyi. Wanda bai danna mata hannu ba ta ture shi gefe kamar tsakuwa a shinkafa. A ƙarshe ta tsaya a kan wani mai dutse shimfiɗeɗe, faɗinsa ya kusa farcen ƙaramin yatsana. Ta ce halas, an gama, wannan ko daga bakin ƙofa za a hango shi.

Ni almas ban san shi ba, amma na san fitila. A mahal ɗinmu akwai ƙwai mai ruwan ɗorawa da muke kunnawa a kan sukkari, dabinon da ya yamutse kamar gwiwar tsoho sai ka gan shi ya koma ango. Sai na juya harshe zuwa Hausa, yadda muke yi in muna son gulma a gaban Balarabe. Na ce wa Yaya tsohon nan da fitila yake sata, kada ya yarda. Gwaggo ta ƙara da cewa dama tun shigowarmu ta ga idonsa irin na masu tauye mudu ne.

Dattijon ya ajiye carbi, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ina ji." Da Hausa. Sauran ya ƙarasa da Larabci, cewa kakarsa ta wajen uwa Bahausa ce, da Hausa ta zage shi har ya girma, saboda haka zagi ne ma ɓangaren da ya fi ganewa. Gwaggo ta ja niƙabi ta ƙara rufe abin da dama a rufe yake. Ni kuwa na shiga kallon silin. Shekara da shekaru muna yin wannan wauta a Madina, garin da in ka tona rabin kasuwa sai ka samu kakar wani daga Kano ko Damagaram.

Ya ce tunda yaro ya kira shi ɓarawon fitila, bari ya wanke kansa. Ya miƙa hannu ya kashe fitilun da ke saman teburin kaya. Ya ɗauko wani zobe daga cikin waɗanda Gwaggo ta ture, dutsensa bai wuce ƙwayar dawa ba, ya ajiye kusa da babban. Kuɗinsu kusan ɗaya, in ji shi. Wallahi babban nan sai ya mutu a gabanmu, ya koma kamar fasasshen gilashin sayyara, wato mota. Ƙaramin kuwa ko a jikinsa, yana ta harba wuta ta kowane gefe.

Ya yi mana bayani a hankali, yadda ake yi wa marasa ilimi, kuma mun cancanta. Wai almas ba shi da hasken kansa, aron na waje yake yi ya mayar, kuma duk sirrin yana wajen wanda ya yanka shi. Babban an yanka shi da faɗi ba zurfi don ya cika ido, haske in ya shiga ta sama sai ya zube ta ƙasa kamar ruwa a kwando. Ƙaramin an daidaita masa fuskoki da zurfi, haske ya shiga ya bugi nan ya bugi can ya dawo idon mai kallo. Ya miƙo ɗan madubin da suke dubawa da shi. Ni na fara karɓa, na manna a ido, na ce ma sha Allah da muryar masana. Ya ce, "Ya walad, kai yaro, gashin idonka kake yaba wa, juya shi." Yaya ya karɓa ya duba babban, ya daɗe. Ya ce yana ganin wani zagaye toka-toka a tsakiya. Dattijon ya ce su idon kifi suke kiransa. Yaya ya ajiye madubin a hankali. Mutumin da ke zaune a bakin teku ba sai an gaya masa irin kifin da idonsa ke yin haka ba.

Ban yarda ba duk da haka, don ɗan kasuwa ba ya yarda da ɗan kasuwa. Na ce a kai su bakin ƙofa. Dattijon ya biyo mu da kansa, zobba a hannunsa, tunda ya riga ya ji ra'ayinmu game da sata. A hasken yamma, har na kare su da inuwar tafina, labari bai canza ba.

Gwaggo duk wannan bai shige ta ba. Ta ce ita ba a falon mutane za ta tsaya tana kashe fitila tana wa'azi ba, a naɗe babban. Ta ce gwiwarta na ciwo, ta fita ta jira mu a mota. Yaya ya tsaya yana zufa a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Na ce masa matarka mai haske ta ce, kuma ita za ta sa shi a kicin da asibiti da gidan biki, ba Gwaggo ba. Ya ce ni ba zan gane ba. Sannan ya nuna ƙaramin da yatsa. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya saɓa wa babba ba sai ranar, shi ma a ɓoye.

Asiri ya tonu ranar Laraba bayan abincin rana, a falonmu, da Gwaggo ta buɗe akwati don ta jera kaya. Ta ɗaga zoben ta nemi dutsen kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Ta rantse ba za ta ɗauki wannan abin kunya ta shiga gidan mutanen Sudan ba, a ce ɗan ƙanenta tsakin kaza ya aiko. Ko a koma a canza, ko a nemi mai kaiwa. Kuma kowa ya san in ba ita ta kai ba, can gidan za su ce dangin uba ba sa son auren. Yaya ya sunkuyar da kai. Na buɗe baki zan kawo bayanin kwando da ruwa, ta ce wanda ya kasa gama aji ba zai koya mata dutse ba. Ta ci gaba, wai ita tun tana yarinya ta san abu babba shi ne abu, babba ake nunawa, babba ake alfahari da shi.

Duk wannan hayaniya mijinta na gefe a kan doguwar kujera. Ƙato ne na gaske, in ya shigo ɗaki sai an matsa masa. Ya gama da shinkafar kabsa, ya miƙe, baki a buɗe, tumbi na hawa da sauka, ko juyawa bai yi ba.

Washegari Gwaggo ce ta kai zoben da hannunta, har da guɗa, kuma ba a sake tayar da maganar ba. Abin da ya jawo haka Umma ce. A ranar Larabar nan, tana tattara kwanuka, ba ta dubi Yaya ba, ba ta ambace shi ba. Ta ɗan tsaya ta kalli mai minsharin, ta ɗauki tire, ta ce:

"Hajiya, ke da kika zaɓi babba, ga shi nan kwance. Yau shekara nawa muna jira ya haska?"