Mazubin Kwalbati

A bayan sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu akwai wani mazubin ƙarfe da ake zuba zoben kwalbati da shi. Na tarar da shi ranar da na kama aiki, na kuma bar shi nan ranar da na yi ritaya. An canza ciyamomi, an canza fentin sakatariya ba adadi, shi kuwa yana nan daram da tsatsarsa, faɗinsa bai wuce mutum ya shiga da rarrafe ba. Ƙorama ce, kwari ne, ɗan lambatu ne, duk zobe ɗaya muke sa musu.

Da can ba laifi, ruwa kan sauka da wuri ya yi ta zuba a hankali har kaka. Amma yanzu daga Anka har Gummi, tambayi duk mai riƙe da fartanya, zai gaya maka damina ta sake hali. Sai ta yi jinkiri har shuka ta fara ƙonewa, sannan ta juye komai a lokaci guda.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Inna, mahaifiyata. Tana zaune a ƙauyenmu, unguwar gangare, cikin ɗakin ƙasa da mahaifina ya gina mata da hannunsa kafin ya rasu. Ta rantse ba za ta bar ɗakin nan ba sai an ɗauke ta a makara. To, tsakanin unguwar da fadama hukumarmu ta ɗaga hanya da jar ƙasa, aka sa zoben nan ƙwaya ɗaya a ƙarƙashi. Ruwan da ya saba gangarawa fadama ya baje sai ya zo ya tarar da katanga, ya juyo kan gidaje.

Duk shekara a zaman tsara ayyuka sai na ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a yi gada mai faɗi a wurin nan. Kuma kafin a ja hanya ko a yanka fili, a fara tambayar inda ruwa zai bi, don ruwan yanzu ba na da ba ne."

Sai ciyaman ya gyaɗa kai. "Wannan ai sauyin yanayi ne. A miƙa wa sashen gona."

Sauyin yanayi a wurinmu dashen itatuwa ne, shi ke nan. A kafa rumfa, a kira makaɗa, ciyaman ya durƙusa ya dasa dogon yaro, a ɗauki hoto, kafin a kwance rumfar awaki sun yi kalaci. Haba jama'a! Ina cewa ruwa zai ci unguwa, ana miƙo mini ɗan itace a leda.

Da na ishe su, aka naɗa kwamiti ya je ya gani da ido. Yaushe suka je? Tsakiyar rani, wai da damina mota ba ta shiga. Suka leƙa kwalbati suka tarar da tunkiya kwance a ciki tana shan inuwa. Wani kansila ya dube ni yana dariya. "Injiniya, ina ruwan naka?" 

Daminar da ta biyo baya ruwa ya yanke hanyar, ya samu mafita, unguwa ta tsira. Na ce to, yanzu kam kowa ya gani. Ashe abin da suka gani daban ne. Aka ɗaure gefen hanyar da dutse da siminti don kada ta sake karyewa, aka mayar da zobe irin na da. Na shiga ofishin darakta ina faɗa har muryata ta dushe. Ya ce, "Mazubin da muke da shi ke nan. Me kake so in yi?"

Wata Juma'a da hantsi hadari ya haɗo, aka kece da ruwa. Wannan karon hanyar ba ta karye ba, ruwa ya juyo kan unguwa. Maƙwabta ne suka fito da Inna, ruwa iya ƙirji, tana ji tana gani ɗakin ya zauna. Na kawo ta gidana a gari, kullum kuma sai ta tambaye ni yaushe za a fara kwaɓa ƙasa. Hukuma ta je jaje da tabarmi da bokitai, ciyaman ya yi godiya ga Allah da hanyar ko gezau ba ta yi ba, ya yi alkawarin ƙara kwalbati.

Da ruwa ya ɗauke na ɗora ta bayan babur mu je a auna inda za a ta da ɗakin. A bakin hanya muka tarar tifa ta sauke sabon zobe, daga mazubin nan dai. Inna ta ce in tsaya. Ta sauka, ta durƙusa, ta daɗe tana leƙen cikinsa. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari.

"Kai wanga, nan ruwan ga duka za shi bi?"

"Haka sunka ce, Inna."

Ta miƙe tana kaɗe zane. "To, kak ka wahal da kanka da gini. Maishe ni gidanka."

Ƙyauren ɗakin kawai ta ce a ɗauko mata daga cikin laka. Yana nan jingine a zaurena.