Takalman Yaya a gonar shinkafa

Mun tashi da asuba daga Kano, ana sallame salla, ni da wani abokina mai mota, muka nufi Bunkure. Ba yawon buɗe ido ya fitar da ni ba. Matar yayana ce ta aiko cewa ƙafafunsa sun lalace a wurin aiki, kuma ya ƙi dawowa gida don kada a ba wani gurbinsa. Birkila ne, yana cikin masu gyaran babbar magudanar ruwan da manoman rani ke sha daga gare ta.

A Karfi muka karya da koko da ƙosai. Tumatir kuwa ya yi arha har mai sayarwa ke roƙonka, abokina ya cika bayan mota kamar mai shirin biki. Da muka karya kwana, hanya ta fara jijjiga mu, amma ido ya sha kallo: albasa a nan, shinkafa a can, ko'ina kore shar. Na hango manoma cikin taɓo sanye da dogayen takalman roba rawaya, sababbi ful, duk iri ɗaya. Har na yi wa abokina tsiya cewa manoman nan sun fi shi gayu.

Dariyata ta ƙare a bakin magudana. Na tarar da Yaya tsaye cikin ɗanyen kankare, ya naɗe ƙafafunsa da leda da tsumma. Da ya kwance, sai da na kau da kai. Siminti ya cinye fata, tsakanin yatsu ya tsattsage yana ruwa.

Na nufi mai kula da leburori raina a ɓace, na tambaye shi wa zai yi magani.

"Malam, ai kamfani ya fita haƙƙinsa," in ji shi. "Yayanka ya yi kwas na kiyaye lafiya ta intanet, ya ci, ga takardar shaidarsa. An koya masa sa takalmi. In bai sa ba, laifin wa?"

Yaya ne ya ba ni labarin kwas ɗin. An kwashe su a motar yashi zuwa wani shagon intanet a Kura, janareto na ruri, aka zaunar da su gaban kwamfuta. Turawa ne a ciki kan dogayen benaye suna ta Turanci, mai shago yana danna amsa a madadin kowa. Daga nan aka raba musu takalma, aka ɗauki hoto, aka karɓe wai za a adana a sito.

"Wane iri ne takalman?" na tambaya.

"Rawaya ne, dogaye. Wallahi nawa ya yi mini daidai."

Nan zuciya ta taso mini. Ashe gayun da na yaba a hanya na Yaya ne, an sayar wa manoma. Na koma na faɗa wa mai kula da leburorin nan maganganun da ba zan rubuta ba, shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ban ga laifin manoma ba, sun ga kaya sun saya. Amma a hana mutum takalmi, sannan a riƙe takarda a ce shi ya ƙi sawa, wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Da ƙyar Yaya ya yarda ya biyo mu. Kafin mu tayar da mota an miƙa cokalin gininsa ga wani, shi ma ba takalmin aiki, sai silifa. Muka biya asibiti aka wanke ciwon, aka ce kada ya sake taka siminti sai an daɗe.

La'asar sakaliya muka iso gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, horon da aka yi don hoto, kamfani yake karewa, lebura kuwa sai ta Allah. Takardar shaidar dai, da muka karɓo wurin mai kula da leburori, ta yi amfani: tun daga Bunkure har ƙofar gida da ita Yaya yake kore ƙuda daga ƙafafunsa.