Alƙalin Ƙarfe a Garin Lafiya

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da aka ɗora mutum-mutumi a kujerar alƙali a garin Lafiya.

Na yi yawo a zamanina. Na kalli wasan kwaikwayo a Jamus, inda mutane ke zama kamar an zo ta'aziyya, ko tari ya taso maka sai ka haɗiye shi. A Japan kuwa na ga mutum-mutumi yana wasa tare da mutane, har wata mata kusa da ni tana share hawaye saboda ƙarfe. Don haka da jikata ta ce ita da abokan karatunta sun haɗa nasu za su sa shi a wasa, na ce, "Amarya, ki dai tabbata bai fi ni kyau ba." Ta ce, "Angona, ai ko tsohon janareta ya fi ka kyau."

Ita dai ba da wasa ta ɗauki abin ba. Mahaifinta, surukina, ya riga ya yanke hukunci: in wasan ya zama abin kunya, ta bar harkar nan ta koma karatun nas.

Wasan labarin rikicin gona ne tsakanin manoman doya biyu a Kwandere, mutum-mutumin kuma shi zai raba gardama a ƙarshe. Yaran sun saita shi yadda suka gani a bidiyon Turawa: ba zai buɗe baki ba sai ya ji ɗakin wasan ya yi tsit, don kada ya katse 'yan wasa. Wajen gwaji bai taɓa kuskure ba, domin kujeru kaɗai ke kallo.

Abin da suka manta shi ne mutanen Lafiya ba kallon wasa suke yi ba, shiga suke yi. Ranar wasan, da aka zo wajen hukunci, 'yan wasa suka yi shiru, jama'a kuwa suka karɓe shari'ar. Wata mai sayar da doya ta miƙe ta rantse cewa a cikin manoman biyu mai jar hula ne ɓarawon, ta san irinsa. Wani dattijo daga Awe ya ce ƙarya ne, a duba iyakar gonar tukuna. Alƙali yana zaune cikin babbar riga, idanunsa na ƙyalli, bai ce uffan ba.

"Oga alƙali, ka yi magana mana," in ji wani ɗan acaba. Na bayansa ya ce a bar shi, an riga an gan shi ta bayan fage. Dariya ta ɓarke, kuma duk dariyar ƙara kulle masa baki take yi. Na hango jikata a gefen labule tana ɗaga hannu a yi shiru, wasu suka ɗauka cikin wasan ne suka tafa mata. Surukina ya fara laluben makullin motarsa.

Sai aka kira sallar la'asar a masallacin da ke bayan ɗakin. Musulmi suka yi shiru, Kiristoci ma suka yi, kamar yadda aka saba a garin nan. Ladan yana rufe baki, kafin kowa ya motsa, alƙali ya ɗaga kai ya yi sallama, ya yanke hukuncinsa tiryan-tiryan.

Mai doyar nan ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe kiran salla yake jira. Wannan ya samu tarbiyya." Ɗaki ya ɗauki tafi.

A hanyar masallaci surukina ya ce ya san yadda aka yi, ba a raina masa hankali. Ya ɗan yi tafiya, sannan ya tambaye ni yaushe za su sake yi, yana so ya kawo abokansa. Maganar karatun nas ba ta ƙara tasowa ba.

Abin da na koya ranar, bayan duk yawona, shi ne kafin ka kwaikwayi abin wata ƙasa, ka fara duba mutanen da za ka kai wa. Injin da ke jiran mutanen Lafiya su yi shiru, in ba ladan ya taimake shi ba, sai batirinsa ya mutu yana jira.