Ranar da na zama tafintar Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Waccan" take ce mini. Ko ina zaune a gabanta, in tana son ruwa sai ta dubi ƙanwata Auta ta ce, "Ki ce wa waccan ta miƙo moɗa." Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, can na tashi, na shiga lakwal, wato boko, har na zama malamar makaranta a Dogon Dutsi. Ban taɓa jin haushin kunyar nan ba, don haka kowace uwa take yi a ƙauyenmu, can gefen Dogon Kiriya. Sai shekarar da kunyar ta tashi raba ni da uwata.

Bayan girbi na je gida hutu, na tarar Inna ta daina daka. Matar da ba ta yarda kowa ya taɓa mata taɓarya! Ɗakinta kuma sai ƙaurin hayaƙin magani. Na ja Auta bayan rumbu na ritsa ta, ta yi ta kame-kame, daga baya ta faɗa. Wani ƙulli ne ya fito wa Inna a nonon dama, kamar ƙwallon aduwa, ba ya ciwo, tun farkon damina. An yi turare, an sha saiwa, an shafa, har an yanka wa aljana doguwa baƙar kaza. Maƙwabta sun sani, surukan Auta a Kore Mairuwa sun sani. Ni kaɗai aka ɓoye wa, wai ina uwa za ta yi zancen nononta da 'yar fari?

Wallahi raina ya ɓaci. Ni mai baki ce, ɗalibaina sun shaida. Na ja Auta har ƙofar ɗakin Inna, na tsaya ina yi mata faɗa da ƙarfi yadda na ciki zai ji.

"Ki gaya wa Inna gobe za mu gidan likita!"

Daga ciki Inna ta ce, "Ki ce wa waccan ciwon daji ba ya son ƙarfe. Ta manta matar liman? Ana taɓa ta da wuƙa ta tafi."

"Ki gaya wa Inna matar liman sai da abin ya fashe yana ruwa aka ɗauke ta. Lattin ne ya kashe ta!"

Auta baiwar Allah, ga tsohon ciki, tana tsaye tsakaninmu tana juya kai, ba ta ma samu ta maimaita ko kalma ɗaya ba. Da ƙyar Inna ta yarda, shi ma don na rantse cewa hoto kawai za a ɗauka, na'ura ce ake gogawa a kan fata, babu abin da zai shiga jiki.

A Dogon Dutsi aka yi hoton, aka ce lalle mu wuce Yamai. Nan fa ake yin ta: Auta ba ta iya doguwar tafiya da cikin nan. Muka shiga mota ni da Inna, babu na uku. Tun daga tasha har muka sauka, maganarta ɗaya ce, ita ma da yaron mota ta yi ta, wai ya ce wa waccan ta gyara mata ƙunshin kayanta.

Likitar da muka samu mace ce, Bazabarma, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Inna kuwa ba Zabarmanci ba Faransanci. Likita ta dube ni ta ce ni zan yi tafinta. Na dubi Inna, Inna ta dubi bango.

Likita ta yi bayani a natse, ni kuma ina juyawa ina faɗa wa bangon da Inna ke kallo. Ta ce ciwon nan ba iri ɗaya ba ne, kamar yadda hatsi ba iri ɗaya ba ne. Da can duk kusan magani guda ake yi musu. Yanzu sai an ɗebo 'yar tsoka daga cikin ƙullin an duba, a gane wane iri ne, me yake ci yake girma, sannan a zaɓa masa abin da ke kashe shi. Wani ƙwaya ake ba shi, wani ruwan magani ta jijiya, wani a gasa wurin da haske, kuma na'urar gashin ma yanzu akwai ta nan Yamai, ba sai an fita waje ba. Ɗebo tsokar kuwa da allura ake yi.

Ina faɗin "allura" Inna ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta. Na san in ta fita ƙofar nan ba mai sake dawo da ita, sai dai in zauna a Dogon Dutsi ina jiran a kira ni.

Likita ta ce in tambayi Inna me take tsoro, mutuwa? Na tambaya. Inna ta tsaya riƙe da ƙofa, ta yi magana, idonta a kan likita.

"A gaya mata ba mutuwa nake tsoro ba, kowa da ranarsa. Daga allura sai wuƙa, na sani, yanke shi za su yi su yar. To wannan na daman shi 'yar farina ta sha. Ba ta taɓa kama na hagu ba, ko an ba ta sai ta tofar, mai taurin kai ce tun tana tsumma. Da aka ɗauke ta aka kai wa tsohuwa, shi ya yi ta zuba, ina ɓoyewa kar a ce na yi rashin kunya. Ban goya ta ba bayan nan, ban yi mata kitso ba. Shi kaɗai gare ni nata."

Jama'a, wannan zancen aka ce in juya da Faransanci! Ni da nake tsawa aji ya yi tsit, sai ga ni ina kuka kamar 'yar yaye. Da ƙyar na harhaɗa, ina cewa "'yarta ta fari" kamar wata ce can daban. Likita ta dube ni, ta gane, ba ta tambaya ba.

Ta ce ba za ta yi alkawari ba sai ta ga sakamako. Amma ƙullin bai yi girma ba, kuma a yanzu irin wannan sau da yawa shi kaɗai ake cirewa a bar nonon. In aka jira kuwa, ba nonon ba, mai nonon za a rasa. Na faɗa wa Inna haka, na ƙara nawa wanda likita ba ta ce ba: "'Yar farin ta ce ta sha ta ƙoshi. Uwar take so."

Inna ta saki ƙofa. Ta dawo ta hau gadon da kanta, ta kwance zane, ta kawar da kai. Da likita ta ɗauko allurar, sai Inna ta ce mata da Hausa, Hausar da ta san sarai ba ta ji, "Likita, ki ce wa waccan ta riƙe mini hannu."

Wannan ban fassara ba.

Sakamako ya nuna irin da ke jin ƙwaya ne. Aka cire ƙullin aka bar nonon, aka yi gashin, muka sha zaryar Yamai har na san kowane rami na hanyar. Ta wahala, ta rame, ba zan ɓoye ba. Amma yau Inna na nan, tana shan ƙwayarta kullum bayan kunun safe, ta karɓe taɓaryarta daga hannun Auta. In wata ta zo mata da zancen daji ba ya son ƙarfe, sai ta ja ta ɗaki ta nuna mata tabon, ta ce ta je yanzu tun yana ƙarami.

Har gobe "waccan" ce ni, kuma ba na neman a canza. Sai dai duk lokacin da za mu koma a duba ta, Auta takan ce ita za ta raka ta, tunda ta sauka lafiya. Inna sai ta ce, "Zauna ki ji da ɗanki. Ki ce wa waccan ta shirya."