Sojojin Yumɓu a Ɗakin Gyaɗata

Ɗakin da ke kusa da zaure a gidanmu na Kazaure ni aka yi wa alkawarinsa. Tun ranar da na tare, Malam, maigidana, ya ce nawa ne, in zuba gyaɗata in riƙa yin mai da ƙuli-ƙuli kamar yadda na taso na ga ana yi a gidanmu na Roni. Na share shi, na yi masa daɓe da hannuna, na toshe ramin ɓera har biyu. Ban kai ga saka buhu ko ɗaya ba Malam ya shigo da wani tsohon ƙyaure, ya ɗora shi a kan garewanin kananzir huɗu, ya ce aron ɗakin yake yi na mako biyu. Shekara goma sha ɗaya ƙyauren nan ya yi a wurin.

Malam malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci. Amma wai shi ne mai sha'awar yaƙi. A kwalejin horon malamai ya kwaso abin, wurin wani Bature mai koyar da su tarihi, wanda yakan jera 'yan sojojin dalma a kan tire mai yashi yana nuna musu yadda aka gwabza a wuri kaza. Sauran ɗalibai suka ci jarrabawa suka manta. Nawa ya taho da cutar har gida.

Tunda ba shi da dalma, sai ya koma ga yumɓu. Ranar Asabar yakan ɗebo shi a bakin ruwa, ya zauna ya mulmula sojoji, kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ya kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane ta gasa masa su tare da kasakenta. Ba ya yi musu ido ko baki, don liman ya taɓa ja masa kunne a kan siffanta mai rai. Saboda haka rundunar Malam kaf babu mai gani babu mai magana, shi kuwa ya ce hakan ma ya fi dacewa da soja. A kan ƙyauren ya gina duwatsu irin namu na Kazaure da Roni, ya zana rafi da shuni, ya yi itatuwa da soson wanka, ya tsoma shi a ruwan ƙaro ya barbaɗa masa garin kuka ya zama kore shar. Motocin yaƙi gwangwanin kifi ne, ƙafafunsu marfin kwalba.

Duk abin da na nema a madafa na rasa, na san yaƙi ya ci shi. Shunina na wanki ya tafi rafi, kukata ta tafi daji, tsintsiyata kuwa ya yi ta zarar mata tsinke yana yin bindigogi har ta rame. Zakarana ma bai tsira ba, da gashin jelarsa ake shafa launi. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malaman Kazaure kowa ya sayi babur ko rediyo mai kaset. Nawa ya tafi Kano ya dawo da 'yan gwangwanayen fenti shida da sabuwar rula, yana murna kamar wanda aka ba kujerar Makka.

Wasan na mutum biyu ne. Runduna biyu ce, kore da ruwan ƙasa. Kowa ya auna tafiyar mutanensa da rula, idan an yi arba sai a jefa ɗan ludo, abin da ya nuna shi zai faɗi wanda ya faɗi da wanda ya tsira. Damuwar Malam ita ce rashin abokin wasa. Hedimasta ya zo sau ɗaya, ya ga ɗan ludo, ya tambaya a hankali ko wannan ba caca ba ce, bai sake leƙowa ba. Sai Malam ya koma yin ɓangare biyun shi kaɗai, yana zagaya ƙyaure, kuma duk da haka sai in jiyo shi daga tsakar gida yana tsaki wai an ci shi da yaƙi.

Ana cikin haka Yaya ya dawo. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. Ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya kai kofur, aka sallame shi shekaru kaɗan bayan an gama. Mutumin da ya tafi yana cika gida da surutu da tsokana ya dawo kamar an ɗinke masa baki. Kwana ashirin ya yi a Roni, mutane suna ta zuwa sannu da zuwa suna neman labarin yaƙi, sai ya ɗaure jakarsa ya ce zai tafi Ikko neman aikin gadi. Inna, mahaifiyarmu, ta lallashe shi ya fara biyowa ta wurina tukuna. Da kanta ta rako shi Kazaure. Da za ta koma ta ja ni gefe ta kama hannuna.

"Auta, ki riƙe min shi," in ji ta. "In ya wuce Kazaure, ni na san ba zan sake ganinsa ba."

Tsoro ya kama ni sosai, don ban san da me ake riƙe namiji mai shekara talatin da ɗoriya ba. Na yi dambu, na dama fura da nonon da Fulanin bayan gari suke kawowa, na yi tuwon dawa da miyar kuɓewa irin wadda yake so tun muna yara. Ya ci, ya yi godiya, ya koma kallon bango. Jakar nan tana ɗaure a bakin ƙofar ɗakin da muka sauke shi, ko kwance ta bai yi ba. Kullum da safe kafin in ɗora ruwa sai na leƙa na ga tana nan hankalina yake kwanciya.

Ranar da ya kwana takwas, bayan la'asar, ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin yaƙi sai ya tsaya. Malam ya jera korayen sojojinsa a kan tsauni, layi ɗaya ɗoɗar, kamar 'yan makaranta a filin taro. Yaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya wa ya jera mutane haka, ai kafin azahar an gama da su. Tun zuwansa bai yi magana mai tsawon wannan ba. Ya shiga, ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya ya ɓoye su a bayan duwatsu. Malam, da yake gaban suruki ne, bai iya kare kansa ba, sai "haka ne, Yaya" kawai yake ta yi.

Daga ranar kullum la'asar suna ciki. Ban taɓa ganin mutumin da ake ci kullum yana fitowa da fara'a kamar Malam ba. Yaya ya sa shi ya rushe rafin ya sake, wai ruwa ba ya tafiya a miƙe sai a littafin malaman makaranta. Ya ce dajin ya yi kaɗan, inda suka je mutum ba ya hango na gabansa. Ka ji kuma kukata ta shiga uku. Ina miƙa musu ina mita da ƙarfi don kada su ɗauka na yarda, amma a raina ko buhu guda suka nema zan samo. Wata rana har dariyar Yaya na jiyo, gajera, lokacin da Malam ya kai hari da motar gwangwani ƙafarta ta fita.

Abu ɗaya ne Yaya bai yarda da shi ba. Malam in soja ya faɗi sai ya ɗauke shi ya wurga a tsohuwar ƙwarya, ƙwaram. Yaya ya hana. Duk wanda ya faɗi, nasa ne ko na abokin gaba, sai ya ɗauke shi a hankali ya kai shi gefen ƙyaure, ya kwantar da shi a kan damansa yana fuskantar gabas, kamar yadda ake sa mamaci. Malam ma dole ya koya. Ni kuwa na samu abin tsokana, har nakan tambaye su ko in dafa gumba ta sadakar uku. In an gama wasa sai a tayar da su duka su koma bakin aiki. Amma akwai guda bakwai da Yaya ya ware tun makon farko, ya kwantar da su a kan faifai a ƙarƙashin ƙyauren, ya rufe su da farin hankici. Wasu hannu ya karye, wasu kai ya ɓantare. Ban tambaya ba, na ɗauka waɗanda suka lalace ne ake jira a zubar.

Faifan kuwa nawa ne, na cikin kayan aurena, kakata ta saƙa shi. Wata Juma'a maza sun tafi masallaci, na tashi bakace gero na neme shi sama da ƙasa, sai na gan shi a ƙarƙashin ƙyaure. Raina ya ɓaci. Na ba da ɗaki, na ba da shuni da kuka da tsintsiya da jelar zakara, yanzu har faifan kakata ya zama gadon fasassun yumɓu? Na juye su a cikin shara, na haɗa da tokar murhu, na kai juji bayan gida na watsar. Na dawo na yi bakacena ina jin daɗin na ƙwato abu ɗaya daga hannun sojoji.

Da suka dawo Yaya ya shiga ɗakin, bai jima ba ya fito. Ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ina mutanen da ke ƙarƙashin tebur. Na ce fasassun nan ai na zubar, sai Malam ya mulmula masa sababbi. Bai yi faɗa ba. Ya gyaɗa kai, ya shiga ɗakinsa ya ɗauko jakar, ya fita zaure ya zauna, ya tambayi Malam ƙarfe nawa motar ƙarshe take tashi zuwa Kano.

Malam ya shigo wurina. Tunda muka yi aure bai taɓa kallona irin na ranar ba.

"Ke ba ki taɓa tambaya ba?" in ji shi. "Su bakwai aka tura tsaron wata gada. Shi kaɗai ya dawo."

Ban san lokacin da na isa jujin ba. Da zanen Juma'ata na durƙusa cikin toka ina tono da hannu, kaji suna taya ni, maƙwabta suna leƙe ta saman danga suna tambayar ko ɗan kunne ne ya faɗi. Malam ya biyo ni da babbar rigarsa, yana tono da rula, don shi komai sai da rula. Muka samu ɗaya, muka samu uku, muka kai shida. Na bakwai ya ƙi fitowa. Na tankaɗe tokar nan da rariya har aka kira la'asar, ina yi ina tuna hannun Inna a kan nawa, ina jin kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na zuba shidan a kan faifan nan dai, na kai zaure na durƙusa a gabansa. Kuka nake yi sosai. Yaya ya karɓa, ya riƙa ɗaukarsu ɗaya-ɗaya yana goge tokar da bakin rigarsa. Kowanne in ya goge sai ya kira sunansa da garinsu, ya kwantar da shi a kan damansa. Akwai ɗan Babura a ciki, akwai wanda ko garin nasu ban taɓa ji ba. Ɗaya ya ce shi ne mai dafa musu shayi, kuma bai taɓa dafa mai daɗi ba.

Na ce masa saura ɗaya, wallahi na nema, gobe ma zan koma. Ya duba shidan da kyau, ya juya ya tambayi Malam ko mai igiya biyu a hannu ne babu. Malam ya ce shi ne, wanda Yaya ya sa shi ya zana wa alamar kofur. A lokacin na gane lissafin. Su bakwai aka tura, bakwai ya kwantar, ashe duk watannin nan da kansa a cikinsu.

Ana haka na fara jin ƙarar mota daga tasha.

"Bar shi a jujin, Auta," in ji shi. "Dama ni na kwantar da shi a cikinsu, ba Allah ba."

Ya rufe shidan da hankicinsa. Sannan ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in je in wanke fuskata kafin mutanen unguwa su ce ƙanwarsa ta fara cin toka. Ya tura jakar gefe da ƙafa, ya tambayi Malam ko gobe da safe ana samun motar Roni, don ya ji an ce geron Inna ya isa yanka kuma babu mai yi mata.