Dattijon da Bai Amsa Sallama Ba

Sau uku ina yi masa sallama bai amsa ba. Dattijo ne mai farin rawani, ya tattare babbar riga ya zauna dirshan a ƙofar shagona a Tudun Wada, ya tare hanya. A gabansa wata 'yar yarinya tana jera ƙwallayen dabino. In ta ajiye ɗaya, ya ajiye ɗaya. In ta kaɗa hannu, shi ma ya kaɗa, da gemunsa da komai. Sai ya riƙe ƙwallo ɗaya a tafin hannu yana jira.

Maƙwabcina ya ce jikarsa ce, larurar otizim gare ta, mai hana yaro haɗa ido da mutane, a asibiti aka koya masa wasan. Da gani, mutum ne da ɗalibai ke durƙusa wa. To asibitin ne ya hana amsa sallama? Masu saye biyu sun juya, ina ta tsaki.

Yarinyar ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido, ta ɗauki ƙwallon.

Sannan ya waiwayo. "Wa alaikumus salam, ɗana. Wata ukku nike jiran kallon ga. Kai ko sallama ukku ta gajishe ka."